Taubashi, Ba Inji Ne Ciwon Jirginka Ba

Daga Jamus, cikin hunturu.

Zuwa ga taubashina, matuƙin jirgin unguwarmu,

Bidiyon da ka turo ta WhatsApp ya iso, tare da saƙonka na in nemo maka inji mai ƙarfi ninki biyu na wanda ke kan jirgin. Aikin hannu kam ka yi, fenti ya zauna, har da tuta a wutsiya. Sai dai da ka cilla shi, ya ɗaga hanci sama, ya tsaya cik, ya karkata gefe, ya sauko da ka tsakiyar kajin Gwaggo, kuma duk wanda ya kalli bidiyon zai shaida kajin sun fi jirgin daɗewa a sama. To, injin nan ba zan sayo ba. Kada ka je ka ce wa Gwaggo zaman Turai ya koya mini rowa. Dalilina shi ne jirginka ba ƙarfi ya rasa ba, nauyinsa ne ya yi yawa kuma ya zauna inda bai kamata ba, kuma kusan duk kuskuren sabon shiga a wannan harka ana gyara shi ne a ƙasa, kafin farfela ta juya.

Tashin da jirginka ya yi tashi ne da duk mai wannan sana'a ya sani, na jirgin da bayansa ya rinjayi gabansa. Kowane jirgi yana da wani gurbi da nauyinsa gaba ɗaya ke taruwa, cibiyar nauyi ke nan. A jirgin koyo mai miƙaƙƙen fiffike, wannan gurbi ya kamata ya faɗo tsakanin kashi 25 zuwa 33 cikin 100 na faɗin fiffiken, in an auna daga bakinsa na gaba. Wato in faɗin fiffikenka santimita 20 ne, gurbin yana wajen santimita 5 zuwa 6 da rabi daga gaba. In cibiyar tana nan, jirgin da kansa yake gyara tafiyarsa: iska ta buga hancin sama ya maido shi, hancin ya sunkuya gudu ya ƙaru ya ɗago. In kuwa ta zame baya, duk ɗagawar da hanci ya yi sai ta haifi wata ɗagawar, har iska ta daina bin bayan fiffike, abin da ke riƙe da jirgin ya sake shi. Ka tuna amalanken jaki da aka labta wa buhuna a bayan taya: sanduna su ɗage, jakin ma ƙafafunsa su bar ƙasa yana ta harbin iska. Ba mai hankalin da zai ce a je kasuwa a sayo jaki mai ƙarfi. Buhu ake matsarwa gaba.

Gwajin kuwa ba ya cin ko kwabo. Ka ɗaura batir da komai yadda zai tashi, ka sa alama a ƙasan fikafikan biyu daidai ma'aunin nan, ka ɗora jirgin kan yatsu biyu. In ya tsaya daidai ko hancin ya ɗan sunkuya, madalla. In wutsiya ta yi ƙasa, kada ka kuskura ka cilla shi. Fara da matsar da batir gaba, don shi ne mafi nauyi a cikin jirgin kuma matsar da shi ba ya ƙara ko giram ɗaya. Sai in hakan ya gaza za ka manna ɗan ƙarfe a hanci. Ka kuma lura da inda ɓarnar ta samo asali. Wutsiya ta fi hanci nisa daga cibiya, sau da yawa ninki uku, saboda haka giram 10 na gam da fenti da tuta da ka zuba a can sai an biya shi da giram 30 a gaba. Kishin ƙasa abu ne mai kyau, amma zana tutar da alƙalami a kan fiffike ya wadatar.

Na san abin da za ka ce, don bakinka ba ya mutuwa tun muna yara: ai in inji ya isa, ko ƙofar gida aka ɗaura masa sai ta tashi. Akwai gaskiya a ciki, domin akwai gwanayen da ke tsayar da ƙaramin jirgi a tsaye cikin iska da ƙarfin farfela kaɗai. Amma waɗannan sun yi shekaru da rimot a hannu, kuma jiragensu ma an daidaita musu nauyi tsaf. Tarihin tashi sama kansa bai goyi bayanka ba. A 1903 Samuel Langley na Amurka yana da inji mai ƙarfin doki 52 da dala 50,000 daga ma'aikatar yaƙi, amma sau biyu, ranar 7 ga Oktoba da 8 ga Disamba, jirginsa yana barin abin harba shi ya afka kogin Potomac. Kwana tara bayan faɗuwa ta biyu, ranar 17 ga Disamba, 'yan'uwan nan biyu masu gyaran keke, Wilbur da Orville Wright, suka tashi da inji mai ƙarfin doki 12 kacal. Abin da suka fi shi da shi shi ne daga 1900 zuwa 1902 sun yi ta shawagi da jirage marasa inji, sau ɗaruruwa, suna koyon daidaito da sarrafawa. Tun kafin su, a 1871, Alphonse Pénaud ya tashi ɗan jirgin da bai kai giram 20 ba a birnin Faris, da murɗaɗɗiyar roba a madadin inji, ya yi mita 40 cikin daƙiƙa 11 ba mai riƙe da shi, saboda wutsiyarsa da karkatar fikafikansa suna gyara masa tafiya. A nan Jamus, Otto Lilienthal tsuntsaye dangin shamuwa ya zauna ya nazarta kafin ya yi shawagi wajen sau 2,000 ba inji, kuma a tsaunin Wasserkuppe, inda aka fara gasar jirage marasa inji a 1920, zuwa 1922 an samu wanda ya yi sa'a guda cur a sama. Jirgin da ya daidaita yana tashi ko ba inji. Wanda bai daidaita ba, babban inji sauri kawai zai ƙara masa zuwa ƙasa, ga kuma murɗawar farfela da za ta juya shi hagu tun yana barin hannunka.

Hujjarka ta biyu ta fi ƙarfi, kuma na yarda da rabinta. Za ka ce zafin Kano ba irin na Turai ba ne. Haka ne. Iska mai zafin digiri 40, irin ta watan Afrilu, ta fi mai digiri 15 sakwarkwacewa da wajen kashi 8 cikin 100, don haka fiffike da farfela duka ba sa samun abin kamawa yadda suke samu a nan. Amma maganin wannan rage nauyi ne, ko ƙara faɗin fiffike, ko fita da sassafe bayan asuba lokacin da gari ke da sanyi iska kuma a kwance. Babban inji yana zuwa da babban batir da babbar na'urar ba shi wuta, ka ga nauyi ya sake hawa. Lissafin kuma ba ya da tausayi. In nauyin jirgi ya ninka biyu a kan fiffike ɗaya, mafi ƙarancin gudun da zai riƙe shi a sama yana ƙaruwa da kashi 41 cikin 100, ƙarfin da zai daki ƙasa da shi kuma ya ninka huɗu. Wannan ita ce amsar tunanin da ya sa ka yi masa ƙashin baya na katako ka kuma shafe kowace gaɓa da Araldite, wai don kada ya karye. Jirgi mai nauyi ne ke ragargajewa. Marar nauyi yakan faɗi, a kakkaɓe masa ƙura, a liƙa masa salatif, a sake cilla shi. In kana son misalin abin da rashin nauyi ke iya yi, a watan Agustan 2003 wani ƙaramin jirgi da Maynard Hill ya ƙera, wanda nauyinsa har da mai bai wuce kilo 5 ba, ya tsallake tekun Atlantika daga Kanada zuwa Ireland, fiye da kilomita 3,000, cikin kusan sa'a 39, da ɗan inji mai girman cc 10.

Maganar gam ma tana da nata tarko. Sufa gulu na kasuwa yana cinye farin soson nan da ake naɗe talabijin da firji da shi, fentin feshi ma yakan narkar da shi, don haka ka gwada a gutsure tukuna. Gam ɗin kyandir yana kama soso da kyau, amma yana da nauyi kuma yana saki in ya sha rana, saboda haka a sa shi siriri, kuma kada a bar jirgi cikin mota da tsakar rana. Kada ka ce ai ku ba ku da katakon balsa irin na Turawa. Soso da tsinken tsire da salatif sun isa jirgin koyo, in dai fikafikan biyu nauyinsu ɗaya kuma ba wanda ya murɗe.

Siffar jirgin ma sai ka haƙura da ita. Ka ƙera mai kama da na yaƙi don yaran unguwa su yi maka tafi, alhali sabon shiga jirgi mai fiffike a saman jiki yake bukata, mai bakunan fiffike da suka ɗan ɗaga sama, domin irinsa in ya karkata ka saki sandar rimot yakan miƙe da kansa. Za ka ce akwai 'yar na'ura da ke daidaita jirgi a sama. Akwai, tana kuma taimako in iska na kaɗawa, amma ba ta mayar da batir inda ya dace, kuma in aka ɗaura ta a juye ita ce za ta fara kayar da shi.

Sauran gyaran na daƙiƙu ne kafin kowane tashi. Tsaya a bayan jirgin. Ka tura sanda dama, leɓen fiffiken dama ya ɗaga, na hagu ya sauka. Ka ja sanda wajenka, leɓen wutsiya ya ɗaga. In ya yi akasin haka ka juya shi a rimot, don leɓe a juye yana kashe jirgi lafiyayye nan take. Lambobin da ke jikin farfela su kalli gaba, in kuma inji yana juyawa baya, musanya biyu daga cikin wayoyinsa uku. Duk wannan saiti a yi shi an cire farfela, yatsunka muna da bukatarsu. Rimot ake fara kunnawa kafin a jona batir, shi ake kashewa a ƙarshe. Batirin LiPo kowane ɗakinsa bolt 4.2 ne in ya cika, kada ya sauka ƙasa da 3, kuma wanda ya kumbura ko ya lotse a faɗuwa a rabu da shi, domin yana kama wuta. A yi cajinsa kan siminti, kana wurin, nesa da katifa. Kafin ka kunna inji ma, ka cilla jirgin a hankali yana fuskantar iska a kan ciyawa. In ya zurara ya sauka lallausa, ya shirya.

Tsakar gida kuwa ba filin jirgi ba ne. A nan ƙa'idar gama-gari ita ce kada a wuce mita 120 a sama, kuma dole mai tashin irin wannan jirgi ya yanki inshora. Najeriya ma hukumar kula da jiragen sama tana da dokokinta kan jirage marasa matuƙi, ka bincike su, ka nemi fili a bayan gari nesa da mutane da wayar lantarki da barikin soja, nesa ƙwarai da filin jirgin Malam Aminu Kano.

Abin da zan aiko maka ta hannun mai zuwa gida shi ne ƙaramin sikeli mai auna giram, da farfela guda shida, da jakar cajin batir wadda wuta ba ta ci. Ka auna jirgin, ka turo mini nauyinsa da faɗin fiffike da tsawonsa, mu lissafa tare. Kuɗin shara kuma mu bar maganarsa sai na zo.

Wassalam.

Naka har kullum,
Taubashinka na Jamus