'Yan Gudun Asuba: Daga Gadar Jimeta Zuwa Ƙofar Lamiɗo

Ranar da na fara fita gudu, wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a Luggere ta ajiye matsami ta tare ni. "Ɗana, lafiya? Wa ya biyo ka?" Na ce babu kowa, Inna. Ta leƙa bayana ta tabbatar, sannan ta rage murya: "To me ka ɗauko?" Na tsaya ina haki ina yi mata bayani cewa shiri nake na gudun fanfalaki a Legas, kilomita 42 da mita 195, kwatankwacin zagaya filin wasa sau 105 da rabi. Ta jinjina kai cikin tausayi ta ce, "Kuɗin mota ne babu?"

Ban ga laifinta ba. A garinmu babba ba ya gudu haka kawai. Amma tun da aka fara gasar Legas a 2016, wadda ake yi a watan Fabrairu, cutar ta soma yaɗuwa har ta haye Binuwai. Wanda zai shiga, tun Oktoba yake fara shiri, kuma a Yola lokaci ɗaya ne rana ta yarda a yi gudu: daga sallame sallar asuba zuwa wajen ƙarfe bakwai da rabi. Bayan nan kuwa, duk wanda ya san garin da zafinsa ke haura maki 40 a Maris da Afrilu ya san ba a yi wa ranar nan wargi ko da hunturu ne. Cikin waɗannan 'yan sa'o'i kowa ke fitowa da halinsa a fili. Wata huɗu na yi ina kallonsu, ga kuma abin da na tattaro.

Alhaji Kayan Aiki

Takalminsa kaɗai ya isa sadaki har da canji. Agogon hannunsa yana ƙirga taku, yana ƙirga bugun zuciya, har barcin Alhaji yake ba wa maki. Ga gorar ruwa a ƙugu, ga tabarau tun gari bai waye ba, ga direba na biye da shi a hankali a titin Dougirei, ya kunna sanyin mota yana jira. Kilomita biyu cif sai agogo ya yi ƙara, Alhaji ya duba, ya ce, "Na'ura ta ce in huta." Ba a musu da na'ura. Wata rana wani ya ba shi labarin Abebe Bikila, mutumin Habasha da ya lashe gudun Olamfik a Roma a 1960 ba takalmi, cikin awa biyu da minti 15. Alhaji ya dubi ƙafarsa, ya yi ajiyar zuciya: "Allah sarki. Da ya samu irin nawa ai da bai kai awa biyu ba."

Wanda Likita Ya Koro

In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Shekara talatin bawan Allah bai yi tafiyar da ta wuce daga mota zuwa sahun masallaci ba, sai ranar da aka ɗaura masa abin awon jini a dantse, likita ya cire tabarau ya dube shi. Washegari ga shi a titi da jallabiya, da farin takalmin bautar ƙasa na ɗansa, da carbi a hannu. Shi bai san Legas ba, bai kuma nemi lambar yabo ba. Burinsa guda ne: uwargida ta dawo masa da gishiri cikin miya. Idan ya jera da kai ba ya tambayar sunanka, cewa yake, "Malam, naka nawa bisa nawa?" In ka ce kai lafiyarka ƙalau, sha'awa ce ta fito da kai, sai ya matsa gefe, don ya gane ciwonka ya fi nasa.

Wutar Kara

Yawanci matashi ne ɗan ƙwallon unguwa, ko ɗalibin da ya zo hutu daga Jami'ar Modibbo Adama. Muna tashi daga Dandalin Ribadu zai fizga kamar an harba kibiya, yana waiwaye yana mana murmushin raini. In ka iso gadar Jimeta za ka same shi ya rungume ƙarfen gada, ya zura wa ruwa ido, wai jiragen masunta yake ƙirgawa. Masana sun ce sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta yakan ƙare wajen kilomita 30, sai ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi, abin da 'yan gudu ke kira bango. Wutar Kara shi a kilomita 3 yake cin karo da nasa bangon. An faɗa masa sau goma cewa dogon gudu ana yin sa ne da saurin da mutum zai iya hira da na kusa da shi. Ya ji, ya yarda. Gobe kuma kibiya. Ba banza aka sa wa wannan tsere suna gudun ya da ƙanin wani ba, kuma kullum shi ne ƙanin.

Farfesan Teburin Mai Shayi

Wannan ya fi kowa sani, kuma ba wanda ya taɓa ganin guminsa. Yana zaune da kofin shayi da kai biyu na ƙwai, yana karantar da mu. Shi zai gaya maka cewa tsawon tseren nan ya samo asali ne daga gasar Olamfik ta Landan ta 1908. Shi zai gaya maka Eliud Kipchoge ya gama shi cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Biyana a 2019, amma ba a sa shi a kundi ba saboda ba gasa ba ce, an shirya masa masu ja masa gaba. Ya san Kelvin Kiptum ya yi awa 2 da daƙiƙa 35 a Chikago a 2023. Ya san dalilin da ya sa 'yan Kenya da Habasha, da 'yan Filato a nan gida, suke shan gaban kowa: a kan tudu suke, inda iska ba ta da kauri, jininsu ya saba. "Mu kuwa a kwari muke, bakin kogi," in ji shi. "Ranar da na koma Mambila zan fara." In ka matsa masa sai ya kawo labarin manzon Girka da aka ce ya sheƙo daga filin yaƙin Maraton zuwa Atina a shekara ta 490 kafin haihuwar Annabi Isa, ya isar da albishir, ya faɗi matacce. "Kun ga dalilin da ya sa nake ba ku shawara daga zaune."

Mai Gaisuwa

Haifaffen cikin Yola ne, jikan wane, ɗan ƙanwar wane. Ƙafarsa lafiya lau, huhunsa kamar na doki, tarbiyya ce kawai ta hana shi ci gaba. Daga Yelwa zuwa ƙofar fadar Lamiɗo babu dattijon da zai wuce a tsaye. Sai ya ja birki, ya cire hula, ya durƙusa: "Bappa, a waali jam? Noy saare? Noy comri?" A amsa, a maimaita, a tambayi na gida ɗaya bayan ɗaya, a dawo kan gajiya, wadda a lokacin ta riga ta tafi. Bappa kuma sai ya kawo tasa tambayar, shin wannan gajeren wandon Goggo ta gan shi kuwa? Mun taɓa lissafa masa: gudu minti ashirin, gaisuwa minti hamsin. Amma cinyoyinsa sun fi na kowa ƙarfi, saboda tsugunne-tashi.

Ɗan Hoto

Ba ya makara, domin fitowar rana a kan gada ba ta jiran kowa. Keke ke sauke shi. Sai ya fasa ledar ruwa a ƙirjin riga, ya yarfa saura a goshi, ya ɗaga yatsu biyu. Kafin mu kai Hayin Gada ya riga ya cika WhatsApp da Facebook: "Kilomita 15 yau, Alhamdulillah. Ba sauƙi." Asirinsa ya tonu ne ranar da ya manta manhajar ƙirga gudu a kunne ya hau keke zuwa Jambutu. Da ya sa sakamakon a zaurenmu, Farfesa ya duba ya ce in dai lissafin nan gaskiya ne, to Kipchoge ya zo ya kama sana'a.

Mai Cika Tanki

A duk ilimin gudu babi ɗaya ya haddace: cewa ana cin abinci mai sitaci kafin doguwar tafiya. Hanyarsa ba da kilomita yake auna ta ba, da tasha. Ƙosai a Luggere, masa a gaba kaɗan, kunun gyaɗa mai zafi a kwana, sannan fura da nono don sanyaya ciki. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma shi ya ci zomon ya bar mana gudun. Cikin wata uku sai da ya ƙara huda a bel. Sau ɗaya tak muka ga ainihin saurinsa, a hanyar Numan, ranar da ya haɗa kifin Binuwai da nono, gudu ya koma gudawa. Ko Wutar Kara bai kamo shi ba.

Rundunar Hajiyoyi

Su biyar ne ko shida, da dogayen hijabai da takalman kambas, suna zagaya Karewa da Bekaji da sassarfa. Ba ka jin kalmar fanfalaki a bakinsu. Ana tafe ana raba adashi, ana tsara anko, ana yanke hukunci kan lefen da aka kai jiya. Mun daɗe muna musu kallon masu yawon shan iska, sai muka lura da abu guda: ba sa fashi. Ranar da hazo ya rufe gari har ba a ganin ƙarshen gada, mu mazaje muka ja bargo, su suna kan titi. Wata Asabar na yi nisa, ƙafa ta ƙi, ina ja da kyar, sai ga su sun zo sun wuce ni ba tare da hirarsu ta yanke ba. Ta bayan ta waiwayo: "Sannu Hamma. Ko a tsayar maka da keke?"

A tsakiyar Janairu muka sa ranar gwajin ƙarshe, kilomita 30, mu haye gada mu miƙa hanyar Girei mu dawo. A nan na ga abin da Farfesa bai taɓa karantar da mu ba. Da aka wuce kilomita ashirin da biyar, duk waɗannan mutane sun koma mutum ɗaya: leɓe a fashe, gira fari fat da ƙura, ido a ƙasa. Cajin agogon Alhaji ya ƙare, ya ci gaba ba tare da izinin na'ura ba. Ɗan Hoto ya jiƙe da gumin gaske, bai kuma sami ƙarfin ciro waya ba. Mai Gaisuwa ya wuce wani dattijo da ɗaga hannu kawai, abin da har yau yake neman gafara a kai. Wutar Kara ya jera da Wanda Likita Ya Koro, kafaɗa da kafaɗa, suna raba ledar ruwa ɗaya. Titi bai tambayi kowa kuɗin takalminsa ba. Da muka dawo Jimeta, Farfesa na nan kan bencinsa, ya tanadar wa kowa jerin kurakuransa.

Saura mutum ɗaya ban lissafa ba, wanda ke yawan tsayawa a gefen titi, hannu bisa gwiwa, yana cewa nazarin halayen jama'a yake yi. Duk abin da kuka karanta a sama daga wannan tsayuwar aka gano shi.

A hanyar gida na bi ta Luggere ina ɗingishi. Inna ta hango ni, ta sake leƙa bayana kamar yadda ta saba.

"Ɗana, wata huɗu ke nan. Har yanzu mai bin naka bai gaji ba?"

Na shafa tumbina na ce, "Ai ba a baya yake ba, Inna. A gaba yake, ni nake bin sa."

Ta ƙulla mini ƙosan ɗari biyu, ta ƙara uku gyara.