Yadda na ranci kuɗina a Amurka

Mahaifina ya yi shekara talatin da ɗoriya yana sayar da atamfa a Kantin Kwari, kuma abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya: ba a taɓa yin sallama da shi a ƙofar gida don bashi ba. Ko gishiri ne ya ƙare, mahaifiyarmu ba ta isa ta aika wajen mai shago a rubuta ba. Ranar da zan tafi Amurka karatu, a filin jirgin Malam Aminu Kano, bai ja mini kunne kan sanyi ba, bai ja mini kan 'yan mata ba. Cewa ya yi, "Ka ga dai ba mai bin ka ko sisi. To ka dawo mini haka."

Da wannan guzurin na sauka New York, ina jin kaina mutumin kirki.

Sati na biyu na fita neman ɗaki a Bronx. Dillaliyar ta nuna mini wani ɗan akurki da idan ka miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa, na ce na gani ina so. Ta zaro takarda ta ce, "Makinka nawa?" Na gyara zama. Na faɗa mata sakamakon digirina na farko, na ƙara da makin jarrabawar Turanci, har na fara lalubo takardun a jaka. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce ita makin bashi take tambaya. Nan fa na washe baki, don an zo inda na fi ƙarfi. Na ce, "Ai ni tunda aka haife ni ban taɓa cin bashin kowa ba." Ta dube ni kamar wanda ya ce bai taɓa yin wanka ba, ta mayar da takardarta cikin jaka.

Wanda ya warware mini zancen wani Alhaji ne ɗan Maraɗi, direban tasi, da muka haɗu a masallacin Juma'a, kuma a kan kujerar falonsa na yi wata uku ina kwana. Ya ce in tuna littafin da mai shagon unguwa yake rubuta masu karɓar sukari da madara sai ƙarshen wata. To a Amurka littafin na ƙasa ne baki ɗaya, kuma kamfanoni uku ke riƙe da shi: Equifax da Experian da TransUnion. Kusan duk bankin da ya ba ka rance, kowane wata sai ya aika musu labarinka, ka biya ko ba ka biya ba. Daga wannan littafin ake fitar da makin da ake kira FICO, wanda aka fara amfani da shi a 1989, daga 300 zuwa 850. Mai gidan haya zai duba, mai sayar da mota zai duba, kamfanin waya ma yakan leƙa.

Na ce, "To Alhaji, ni ke nan 300 gare ni?"

Ya yi dariya har sai da ya ajiye kofin shayinsa. "Malam, kai ko 300 ba ka kai ba. Mai 300 an san shi, an san ba ya biya. Kai ba a ma san an haife ka ba."

Maganin, in ji shi, shi ne katin bashi. Amma kafin nan sai na samu lambar nan mai alƙaluma tara da ake kira SSN, wadda ɗalibi baƙo ba ya samu sai yana da aiki. Na samu aikin jera littattafai a laburaren makaranta, lamba ta fito, na sa babbar rigata na nufi bankin da nake ajiya. An tarbe ni da fara'a, an ba ni kujera mai laushi da alewa. Ma'aikaciyar ta danna na'ura, ta ɗan yi shiru, ta ce za su aiko mini da amsa ta gidan waya nan da kwana bakwai zuwa goma. Na koma gida ina ba Alhaji albishir. Ya ce, "Da sun yarda, a nan take za ta faɗa maka. Bature in zai ce a'a, wasiƙa yake rubutawa."

Wasiƙar ta zo kuwa. Doka ta tilasta wa banki ya faɗi dalilin hanawa, kuma nasu dalilin a layi ɗaya yake: ba ni da isasshen tarihin bashi. Wato ba za a ba ni bashi ba sai na nuna na taɓa cin bashi, bashin da ba mai ba ni sai na nuna na taɓa ci.

Zuciya ta ɗebe ni. A daren nan na buɗe kwamfuta na nemi katin wasu bankuna biyu. Washegari a wani kantin tufafi mai karɓar kuɗi ta ce in na cike takardar katinsu za a yi mini ragi a kan safar da na saya, na ce kawo. Duka ukun suka ƙi. Da na gaya wa Alhaji sai ya dafe kai. Ashe duk neman da ka yi ana rubuta shi a littafin, kuma yana nan zaune shekara 2. Ga shi dai an buɗe mini shafi a ƙarshe, sai dai abin da ke ciki layi huɗu ne, dukkansu na roƙo. Garin neman ƙiba na samo rama.

Alhaji ne ya kai ni wani ƙaramin banki da kansa, ya ajiye tasinsa a inda aka hana ajiyewa, ya ce in yi sauri. A nan aka gabatar mini da kati mai jingina. Saurayin da ke teburin ya yi bayani, na ce ya dakata in maimaita, ko kunnena ne.

"Wato in ba ku dala 200 ku riƙe."

"Haka ne."

"Sannan ku ba ni kati in riƙa cin bashi, iyakarsa dala 200."

"Haka ne."

"In na makara wajen biya kuma, ku ɗora mini kuɗin ruwa, alhali kuɗina na hannunku."

"Ka fahimta sosai," in ji shi, yana miƙo mini biro.

Na tuna Baba, wanda ɗan kasuwa zai taso tun daga Damagaram ya ɗauki dila guda na atamfa a wurinsa, ba takarda ba shaida, sai "Allah ya kai mu bayan salla." Na sa hannu.

Maganar kuɗin ruwan ce ta hana ni barci, don malamai ma sun yi saɓani kan ko ya halatta mutum ya sa hannu a irin wannan yarjejeniya tun farko. Alhaji ya ce shi dai abin da yake yi, yana biyan duk abin da ya kashe kafin ranar da aka yanka, kuma mai yin haka ba a ɗora masa ko kwabo. Tun 2009 doka ta ce a bar aƙalla kwana 21 tsakanin aiko da takardar lissafi da ranar biya. Ni kwana 21 ɗin ma ban yarda da su ba. Burodi kawai nake saya da katin, ina fitowa daga kanti in tsaya a bakin titi cikin sanyi, in cire safar hannu da haƙori, in biya ta waya kafin in tsallaka. Wata biyar ina haka. Ban taɓa kwana da bashin burodi ba.

FICO ba ya fitar wa mutum maki sai asusunsa ya yi wata shida. Da wata na shida ya kama, sai tunanin ɗalibta ya zo mini: jarrabawa ta matso, ya kamata in nuna ƙwazo. Wa zai ɗauki mai bashin burodi da muhimmanci? Na shiga kantin kayan abincin Afirka na cika amalanke: buhun shinkafa, galan ɗin manja, doya, garin rogo, busasshen kifi, har da kwalin madara. Na miƙa kati da yatsu biyu kamar wani attajiri. Na'ura ta yi ƙara, ta ƙi. Kayan sun kama dala 214. Bayana layi ya kai mutum takwas, akasari mata 'yan Ghana da ke jin Hausa sarai. Na mayar da kifi, ba ta isa ba. Na mayar da doya guda. Wata dattijuwa ta ce, "Ɗana, ajiye madarar, kifin ya fi amfani." Na bi shawararta. A dala 196 na'ura ta haƙura, kuma wannan karon da gangan na bar bashin ya kwana har takardar lissafi ta fito, don a gani a yaba.

Maki ya fito, bai kai yadda na ci buri ba ko kusa. Alhaji ya karɓi wayar ya duba, ya ce, "Ka cika katin ne?" Na ce ƙwarai. Ya ce kashi 35 cikin ɗari na makin biya a kan lokaci ne, wannan na ci. Amma kashi 30 yawan abin da ake bin ka ne, kuma wanda ya cinye 196 cikin 200, a idonsu mutum ne da ruwa ya kai masa wuya. Kada in ƙara wuce dala 60. Wato so suke ka ci bashi, amma ka ci kamar baƙon da aka ajiye wa tuwo a gidan surukai.

Na biya, wata mai zuwa maki ya haura. Bayan kusan shekara bankin ya mayar mini da dala 200 ɗina tare da wasiƙar taya murna, kamar kyauta suka yi mini. Daga nan akwatin wasiƙuna ya fara cika da tayin katuna. Cikin masu rubuto mini har da bankin farko mai alewa, suna cewa an zaɓe ni ne musamman.

Kuskuren da na yi shi ne kiran gida da murna. Na ce, "Baba, albishirinka, yanzu a Amurka an yarda a ba ni bashin dala 2,000."

Shiru ya biyo baya, har na duba ko layin ya yanke. Can na ji ya yi salati. Ya ce, "Nawa ka ci a ciki?" Na ce ai ban ci ba, yarda ce kawai aka yi, kuma a nan daraja ce. Ya ce in ba shi lambar wannan Alhajin da nake yawan ambata. Da yamma ƙanena ya turo saƙo wai Baba ya sa a yi wa ragon layya kuɗi, in faɗi gaskiyar abin da ake bi na.

Yau shekara da shekaru ke nan, makina ya wuce 750, na kama gida ba tare da kowa ya tsaya mini ba. Amma har yanzu in muka yi waya, kafin Baba ya tambayi lafiyar jikokinsa, sai ya tambaye ni ko na biya Bature kuɗinsa.