Alƙalan Peugeot na Kakuri

A Amurka, alƙalin gasar tsofaffin motoci irin Mustang kan kwanta ƙarƙashin mota da tocila, ya zaftare maki saboda noti ɗaya da ba na kamfani ba.

A unguwar Kakuri ma akwai alƙalai, sai dai ba mai biyansu. Nan kamfanin PAN ya fara harhaɗa Peugeot a 1975, ƙirar 504 kuwa sai 2006 ta daina fitowa. Dattijo na faka tasa a bakin gareji, kotu ta zauna. Wannan ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce an yi ciko. Wancan ya leƙa inji ya rantse kafiretar 'yar kasuwar Panteka ce, ba ta kamfani ba. Mai mota ya kafe cewa fentin na asali ne, alhali mai fentin na gefe yana shan shayi.