Motata mai jan ciki

Ni dai raunina mota ce wadda ta kwanta ƙasa. In na hango wadda cikinta ya kusa shafar kwalta, ko ciniki nake yi sai na bar shi na bi ta da ido. Ga shi kuma ni mutumin Anka ne, abincina yana tsakanin Gummi da Bukkuyum.

A nan duk mai hankali ɗaga mota yake yi. Direbobin Golf na tasha doguwar sifirin mai tauri suke sa wa ƙafafun baya, saboda buhunan gero da fasinja. Ita ma Fijo 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, haƙurinta da ramuka ne ya sa tsofaffin direbobi ke kewarta har yau.

Ni kuwa gajeriyar sifirin na sa aka ɗaura mini, motar ta sauka da kusan santimita 4, na kuma sauya sandar nan da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama da wata mai kauri. Hujja ina da ita, na ma haddace ta don majalisa. Nauyi in ya yi ƙasa mota ba ta cika karkata a kwana, sandar kuma murɗewa take yi ta hana gefe guda nutsewa. Duk gaskiya ne. Abin da nake haɗiyewa shi ne, in ƙafa ɗaya ta faɗa rami, sandar ce ke kai saƙo ga 'yar'uwarta, daga nan ya zarce ƙuguna. Shokozoba kuwa ba ta tsufa a hannuna.

Kafin in isa garin Ɗaki Takwas, duk kunyar da aka yi a titi don rage gudu sai na hau ta a karkace, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, salansa na kururuwa, 'yan kabu-kabu na wuce ni suna yi mini sannu. Da damina in hanya ta bar kwalta, ajiye motar nake yi in nemi ɗaya daga cikinsu ya goya ni.

Bakanikena ya taɓa leƙa ƙarƙashinta ya ce, "Alhaji, mota kake so ko tabarma?" Ranar ma tambayarsa na je yi ko ana samun sifirin da ta fi wannan gajarta. Ya ce ana samu, amma in fara biyan sauran kuɗin walda na salansa tukuna.