Leɓena Ya Riga Ni Gaida Surukai

Ɗan Ikara da ba ya shiri da tumatir abin tausayi ne. Garin da har masana'antar sarrafa shi aka kafa, ni kuwa da na ci ɗanye a kwaɗo sai bakina ya hau ƙaiƙayi. Na iya ɓoye wannan abin kunya har ranar da aka kai ni gaida iyayen yarinya a Hunkuyi.

Damina ce, masara na fure. Tun daga Maƙarfi nake zuba atishawa a bayan babur, abokina na cewa "yarhamukallahu" har ya gaji ya koma "kai dai ka sani". Muna zama aka ajiye mana kwaɗon zogale, tumatir ja wur a sama, ga kankana an yanka. Wa zai ƙi abincin gidan surukai? Na ci, na ƙara don a ga ladabi.

Kafin Baba ya fito leɓena ya cika fam. Na durƙusa zan ce "Barka da hutawa, Baba", abin da ya fito ni kaina ban gane shi ba. Tsohon ya ƙura mini ido, ya juya wajen abokina.

"Yaro, haka aka haife shi?"

A gida Inna ta yanke hukunci: sammu ne, akwai mai neman yarinyar. Na sha rubutu, na sha hayaƙi, hayaƙin ya ƙaro atishawa.

Likita a Zariya ne ya wanke abokin takarata. Ya ce borin jini ne, tushensa ƙurar furen ciyawa, kuma masara da raken Maƙarfi duk dangin ciyawa ne. Akwai wani sinadari a ƙurar, furofilin, da ke da kama a ɗanyen tumatir da kankana da lemo. Garkuwar jikina kamar ɗan sintirin da aka taɓa yi wa sata take: duk mai kama da ɓarawon sai ya sha kulki. Wuta na lalata sinadarin, shi ya sa miya ba ta taɓa yi mini komai ba. Ya ja kunnena cewa ranar da maƙogwaro ya fara toshewa, asibiti zan nufa a guje, ba wajen mai hayaƙi ba.

An dai ba ni yarinyar. Mai shirin gayyatata walima, don Allah ya dafa tumatirinsa, kankanar kuma ya bai wa yara.