Ku da Bulala Ta Gyara, Ku Matso

Ku jama'ar "mu ma da bulala muka tashi". Na hango ku a bencin mai shayi, an ba ku labarin wai yanzu a gidajen marayu da na gyara hali ana son ma'aikaci ya fara sanin abin da ya sami yaro kafin ya kira shi kangararre, duk kun taɓe baki. Alhaji har ya dire kofi ya ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka ne, ranka ya daɗe. Sai dai mai karin maganar bai ce a tanƙwara icen da gobara ta lasa ba. Wannan kana lanƙwasawa sai ka ji ƙas.

Da wani azumi muka kai ziyara wani gidan marayu, da buhun shinkafa da katan-katan na taliya, kowa ya gyara zaman hula saboda hoto. Wani dattijo a cikinmu ya miƙa hannu zai shafa kan wani yaro da bai wuce shekara goma ba, neman lada. Kafin hannun ya sauka yaron ya dunƙule, ya kare fuska da gwiwar hannu, ya runtse ido. Dattijo ya tsaya da hannu a sama kamar mai tare ɗan acaɓa, ya ce, "Kai, wannan ba shi da tarbiyya." Matar da ke kula da ɗakinsu ta ce a hankali, "Baba, shi hannun da ya zo masa ta sama bai taɓa zuwa da alheri ba. Ka tsuguna, ka gaishe shi tukuna."

Ita ce ta ɗaga mini matashin kansa. Gutsattsarin burodi ne a ƙasa, wasu har sun yi funfuna, a gidan da ake ɗora tukunya sau uku a rana. Na ji ki, Hajiya, kin ce ɓarawo tun yana ƙarami. To ke da tun wahalar canjin kuɗi ta 2023 ba ki rabu da 'yan dubu biyar ƙulle a haɓar zani ba fa? 'Yan watanni kika yi kina layin banki, shi shekaru ya yi bai san ko zai ci gobe ba. Matar ba ta doke shi ba, ba ta tara yara sun yi masa ihu ba. Kwano ta samo mai murfi, ta ce nasa ne, kullum da dare za ta sa masa burodi a ciki, ba mai taɓawa.

Abin da masana ke faɗi ba wani surkulle ba ne. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe mai aikin maigadi: ya ga haɗari, ya buga ƙararrawa, zuciya ta hau dukan uku-uku, jiki ya shirya faɗa ko gudu, ko ya sandare. Yaron da aka ƙone garinsu a gabansa, ko ya tashi a hannun mai dukansa ba dare ba rana, maigadinsa ya daina barci. An buga ƙofa, shi harbi ya ji. Daga nan ake samun fitsarin kwance a shekara sha biyu, da cizo, da tsallake katanga, da shirun da ake ɗauka raini ne. Ka zabga masa bulala, ka tabbatar wa maigadin cewa da gaskiyarsa.

Malam na can ƙarshen benci ya ce ilimin Turawa ne. Lissafin dai nasu ne, ban musa ba. A 1998 likitoci biyu, Felitti da Anda, suka fara fitar da sakamakon binciken da ya shafi manya sama da 17,000 a San Diyego ta Amurka, galibinsu masu rufin asiri. Suka ga iya yawan baƙar wuyar da mutum ya sha yana yaro, iya ƙaruwar haɗarin ciwon zuciya, da shaye-shaye, da yunƙurin kashe kai bayan ya girma. A Bukares ta ƙasar Romaniya kuma, daga shekarar 2000, aka bibiyi ƙananan yara 136 na gidajen marayu, aka mai da rabinsu hannun iyalai. Waɗanda aka mayar kafin su cika shekara biyu sun fi samun ci gaban basira da shaƙuwa da mutane. Gidajen suna da gado, suna da abinci, abin da babu shi ne mutum guda da yaro zai ce wannan nawa ne. Wato Malam, an kashe maƙudan kuɗi an gano abin da gwaggonka ta sani ranar da ta goya ɗan ƙaninta ta tafi da shi. (Ban ce kowane ɗan riƙo ya ji daɗi ba, wannan hirar wata rana ce.) Kuma kai da ka haddace Suratud Duha ka fi ni sanin abin da aka hana a yi wa maraya.

Hanyarku kuwa an gwada ta har ƙarshenta. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutane sama da 300, da yawansu yara, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabo. Cikinsu akwai waɗanda iyayensu ne suka kai su da hannunsu a gyara musu hali, har suna biyan kuɗi. Na ga an yi shiru a bencin.

"To sai mu bar su su hau kanmu?" Wa ya ce? Doka tana nan, har ta fi ta gidanku tsari. Lokacin ci sananne, lokacin barci sananne, in za a canja wa yaro ɗaki a faɗa masa tun jiya, kada a riƙa sauya masa mai kula kamar riga. Ya fasa taga, zai share gilashin ya taya gyara, amma ba a kulle shi a ɗaki mai duhu, ba a yi masa horo da yunwa. In ya birkice yana jifa, ba lokacin wa'azi ba ne. A janye sauran yaran, a sassauta murya, in ya huce a yi maganar. Irin wannan fahimtar ce masu ba da shawara na gidauniyar Neem ta Dakta Fatima Akilu ke kai wa mutanen da rikici ya ɗaiɗaita a Barno. Inda kuka yi gaskiya guda ne: mace ɗaya da ɗaki cike da yara, albashi sai wata ya yi nisa, ita ma tana da nata tabon. Haƙurin da ake nema wurinta ba a buhun shinkafarmu yake zuwa ba.

Batun kun sha bulala kun zama mutane kuma, mun gani, Allah ya ƙara girma. Amma ku faɗi sauran labarin. Baba ya zane ka, Inna ta yafito ka bayan madafa ta damƙa maka ƙanzo, ta shafa maka man shanu a baya, da Sallah shi mai dukan ya ɗinka maka riga. Ka san laifinka, ka san inda za ka kai kuka. Duk da haka, Alhaji, shekara arba'in ke nan, in aka ambaci malamin lissafinka muryarka sai ta canja.

Dattijon namu kuwa, da za mu bar gidan marayun, ya daure ya tsuguna, gwiwarsa ta yi ƙara, yaron ya ƙyalƙyale da dariya. Bai yarda an taɓa kansa ba, amma ya karɓi dabino uku, ya ci ɗaya, ya nufi ɗaki da biyu wajen kwanonsa.