Maziyartan Hubbare Iri-iri

Duk wanda ya taɓa shiga mota a tashar Talata Mafara da niyyar ziyarar Hubbaren Shehu a Sakkwato ya san cewa, ko da yake niyya ɗaya ce ta tara jama'a, Allah Maɗaukakin Sarki bai halicci maziyarta da ɗabi'a ɗaya ba.

Limaminsu shi ne Malam Na-sani, wanda ba ya bari a kai Lambar Bakura sai ya gyara zaman rawani, ya yi gyaran murya, ya buɗe darasin da babu wanda ya roƙe shi. Shi ne zai ɗauki Infaƙul Maisuri ya ba Abdullahin Gwandu, alhali Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa shi. Kafin a wuce Tureta kuwa ya ɗauko Bellon daga Wurno, inda yake kwance tun 1837, ya kawo shi Hubbare ba da shawarar kowa ba. In wani almajiri ya yi ƙarfin hali ya ce, “Allah shi gafarta Malam, ai a 1817 Shehu ya yi wafati,” sai ya dube shi duban tausayi, ya ce a wata ruwaya haka ne. Tasa ruwayar kuwa isnadinta ba ya wuce kakan kakansa, wanda, in ji shi, shi ya riƙe butar Shehu ranar hijira zuwa Gudu a 1804. Na kuwa gamu da zuriyar masu riƙon butar nan da yawa, har na soma mamakin yawan butocin da aka yi hijira da su.

A kujerar baya akwai mutumin Bakura da na Maradun, waɗanda da direba ya sa waƙar Alhaji Musa Ɗankwairo sai gardama ta tashi, wannan ya ce a ƙasarsu aka haife shi, wancan ya ce da sunan Maradun duniya ta san shi. Har a isa Dange ba wanda ya tuna ya yi wa marigayin, da ya rasu tun 1991, ko da Fatiha guda.

A Hubbaren ga Hajiya mai neman 'yar ƙasar da za ta ƙulle a bakin mayafi don tabarruki. Ga Ustazun da ya biya kuɗin mota takanas domin ya ƙirga bidi'o'inta. Ga wanda bakinsa ke addu'a, zuciyarsa na ƙofa wajen sabon takalminsa. Ga mai sallama a tsaitsaye, don kada kasuwa ta tashi. Akwai kuma wani marubuci da kan raɓe a lungu yana haddace laifuffukan mutane, wanda ladabi ya hana in ambaci sunansa.

Duk waɗannan ina yafe musu. Wanda ke ɓata mini rai shi ne Alhajin da zai tsaya wajen makwancin Nana Asma'u, wadda ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta naɗa jajojin 'Yan Taru suna kai ilmi ga matan ƙauyuka har zuwa rasuwarta a 1864, ya yi ta sharar hawaye yana yabon iliminta, alhali 'yarsa tana can bakin titi da farantin talla, ba ta san alifi ba, ba don rashin hali ba sai don ya ga asarar kuɗi ce. Shehu da kansa, mahaifin Nana, cikin Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Na taɓa tuna wa wani irinsa wannan, sai ya ce, “Malam, bari mu fita daga wuri mai alfarma tukuna.” Da muka fita ya ce yana sauri, zai sayo wa yarinyar sabon faranti.